Ƙofofi 18 na Sitokholm: yadda aka zaɓi inda za a kafa na'urorin ƙidayar motoci

Ranar 3 ga Janairun 2006, Sitokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, ya fara gwajin karɓar harajin cunkoso daga motocin da ke shiga tsakiyar gari ko fita daga cikinsa a ranakun aiki. An sha yin rubutu kan harajin da kuma rigimar siyasar da ya haddasa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da ta riga waɗannan duka: a ina za a kafa na'urorin da za su ga motocin? Birni ne mai dubban tituna, kuma babu hukumar da ke da kuɗin sa ido a kan kowanne. A ƙarshe wurare 18 aka tsayar. Yadda aka kai ga wannan adadi, da abin da aka bari a waje da gangan, da abin da barin ya jawo, su ne abin dubawa a nan, domin duk mai tsara sufuri a kowane birni sai ya ci karo da irin wannan zaɓi, ko haraji zai karɓa ko ƙidaya kawai yake so.

Asalin maganar

Bayan zaɓen 2002, jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta gindaya sharaɗi kafin ta mara wa gwamnatin Firayim Minista Göran Persson baya: sai an gwada harajin cunkoso a Sitokholm. Shugabar birnin ta lokacin, Annika Billström, ta riga ta yi alkawari a yaƙin neman zaɓe cewa ba za a kawo irin wannan haraji a wa'adinta ba, don haka shirin ya fara ne da baƙin jini. Shari'ar da aka yi kan bayar da kwangila ta ƙara ja masa lokaci, har gwajin ya rage wata bakwai kacal, daga farkon Janairu zuwa 31 ga Yulin 2006, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama a watan Satumba.

Wannan matsi ya shafi aikin injiniyoyi kai tsaye. Cikin wata bakwai ake so na'urorin su karɓi kuɗi ba kuskure, kuma cikin wata bakwan nan ake so a samu alƙaluman da za a nuna wa masu zaɓe ko cunkoso ya ragu ko bai ragu ba. Aiki biyu ne daban, kuma wurin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba. Akwai kuma wani ƙulli na doka. Ƙaramar hukuma a Suwidin ba ta da ikon ɗora wa mutanen wata ƙaramar hukuma haraji, saboda haka sai da majalisar dokokin ƙasa ta yi dokar a 2004, kuma wuraren tashoshin suna cikin taswirar da ke rataye da dokar. Ke nan injiniya ba zai wayi gari ya ce tasha kaza ba ta yi ba a matsar da ita wani titi. Duk inda aka kafa, an kafa ke nan, sai majalisa ta sake zama.

Ruwa ne ya fara zana layin

Sitokholm yana zaune ne a kan tsibirai 14, daidai inda tafkin Mälaren ke haɗuwa da tekun Baltik. Mai zuwa tsakiyar gari daga kudu ba shi da zaɓi sai ya hau gada. Tashoshi biyar kacal suka toshe kudancin birnin baki ɗaya: Danvikstull, Skansbron, Skanstullsbron, Johanneshovsbron da Liljeholmsbron. A yamma an sa huɗu a kan hanyoyin sauka da hawa babban titin Essingeleden. A arewa, inda ƙasa ta fi haɗuwa, an buƙaci shida, ciki har da Norrtull da Roslagsvägen da Solnabron. Sauran ukun suna gabas, a Ropsten, gindin gadar da ke zuwa tsibirin Lidingö. Da waɗannan 18 aka kewaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 30, inda mutum kimanin dubu 300 ke zaune, ba tare da an bar wata kafa da mota za ta sulale ba.

Da yawa daga cikin wuraren ba sababbi ba ne wajen tare mai wucewa. Daga 1622 zuwa 1810 akwai shingen kwastan da ya kewaye birnin, ana karɓar kuɗin kayan da aka shigo da su kasuwa, kuma ƙofofin shingen suna wuraren da a yau ake kira Danvikstull, Skanstull, Hornstull, Norrtull da Roslagstull. Wanda ya san tsohon birnin Kano zai gane hikimar nan take: ganuwa ce ke tilasta wa fatake bi ta ƙofa, sarkin ƙofa ba ya bin kowa cikin lungu, yana zaune abin ya same shi. A Sitokholm ruwa da layin dogo da dazuzzukan gefen gari su ne ganuwar.

Idan aka kwatanta da Landan za a ga darajar wannan. Harajin cunkoso na Landan, wanda ya fara a Fabrairun 2003, ya rufe fili da bai kai na Sitokholm girma ba, amma sai da aka tsare mashiga fiye da 150, sannan aka ƙara wasu kyamarori a cikin yankin, domin a can kowane ƙaramin titi mashiga ne.

Ka'idar da ke ƙarƙashin zaɓin ita ce wadda masu tsara sufuri suka daɗe suna aiki da ita. Ba titi mafi cunkoso ake nema a dasa na'ura ba. Layi ake fara ja a kan taswira, layin da duk tafiyar da ake son a sani tilas ta tsallaka shi, sannan a ƙirga hanyoyin da suka ratsa layin, a tsare su duka ba a bar ko ɗaya ba. Na'ura goma da aka jera a kan babban titi ɗaya, mota ɗaya za su yi ta ƙirgawa sau goma. Na'ura biyar a kan gadoji biyar kuwa sun ba ka labarin rabin birni. Idan kuma aka tsare huɗu aka bar ɗaya, lissafin ya lalace, don ba za ka iya bambance motar da ta fasa tafiya da wadda ta sauya gada ba.

A kowace tasha an gicciye ƙarafa a saman titi. Na'urar leza ce ke gane mota ta iso, kyamarori su ɗauki hoton lambarta ta gaba da ta baya, wata na'urar kuma ta yi magana da ɗan akwatin da direbobi ke maƙalawa a gilashi. Ba shinge, ba tsayawa, ba rage gudu. Kamfanin IBM ne ya riƙe kwangilar. Daga baya an daina amfani da akwatunan, don karanta lamba ta kyamara kaɗai ta wadatar. Kuɗin kuwa a lokacin gwajin kurona (kuɗin Suwidin) 10, 15 ko 20 ne a kowace tsallakawa, gwargwadon lokaci, daga ƙarfe 6:30 na safe zuwa 6:29 na yamma, kuma ba ya wuce kurona 60 a rana ga mota ɗaya.

Kafofi biyu da aka bari da gangan

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Zoben tashoshin ya rufu a taswira, amma akwai wurare biyu da ba yadda za a yi a rufe su kamar sauran.

Na farko shi ne Essingeleden, titin da ke ɗauke da manyan hanyoyin E4 da E20, wanda ya bi ta gefen yammacin tsakiyar gari, yana kwasar motoci kimanin dubu 150 a rana. Shi ne kaɗai babbar hanyar da mai tafiya daga kudancin yankin zuwa arewaci zai bi ba tare da ya kutsa cikin gari ba. Idan aka sa masa haraji, an raba yankin biyu ke nan, ba mai tsallakawa kyauta, kuma mazauna kewaye ba za su yarda ba. Idan aka bar shi, duk wanda ke gudun biyan kuɗi zai iya komawa kansa, alhali tun can yana cikin titunan da suka fi cunkoso a ƙasar. Gaba kura, baya sayaki. Aka zaɓi a bar shi kyauta, aka dasa tashoshi a kan hanyoyin sauka daga kansa. Mai wucewa ya wuce, mai sauka cikin gari ya biya.

Na biyu shi ne Lidingö, ƙaramar hukuma mai zaman kanta a kan tsibiri, wadda hanyar motarta ɗaya tilo ke sauka a Ropsten, bakin zoben. A wancan lokacin, mutumin Lidingö da zai je ko'ina a ƙasar dole ya ratsa yankin haraji, ko da ba shi da abin yi a ciki. Sai aka yi masa ƙa'ida ta musamman: motar da ta wuce tashar Ropsten sannan ta fita ta wata tashar cikin minti 30, ko ta yi akasin haka, ba za ta biya ba.

A takarda wannan adalci ne, kuma ni ma ina ganin adalcin ne. Amma dubi abin da ya ɗora wa na'urorin. A kowace tasha, idan kyamara ta kasa karanta lambar mota ɗaya, gwamnati ce ta yi asarar kurona 10 ko 20, ba wanda zai yi ƙorafi. A ƙa'idar Lidingö lamarin ya juye: idan aka ga shigar motar aka kasa ganin fitarta, za a aika wa mutum takardar harajin da doka ta yafe masa. Kuma tunda yana iya fita ta kowace tasha, dole dukkan 18 ɗin su kai matakin da kusan ba sa kuskure, dare da rana, cikin dusar ƙanƙara da duhun hunturu. Masu binciken da suka bi diddigin kuɗin aikin daga baya sun nuna cewa wannan ƙa'ida tana cikin abubuwan da suka tsawwala tsadarsa. Kafa tsarin da tafiyar da shi a shekarar farko sun ci kusan kurona biliyan 1.9. Shawarar da aka yanke saboda tsibiri ɗaya ita ta tsara ingancin da ake nema daga kyamarar da ke can wani ɓangaren birnin.

Na'urorin da ba sa karɓar ko kwabo

A ganina, mafi muhimmancin shawarar da aka yanke ba ta tashoshi 18 ba ce. Tashoshin haraji ba za su iya faɗin yadda titi yake kafin a kafa su ba, kuma ba sa ganin komai sai abin da ya bi ta ƙarƙashinsu. Da su kaɗai aka dogara, da masu adawa sun ce an kori cunkoson ne zuwa wasu unguwanni, kuma da babu mai amsa musu.

Abin da ya cece su shi ne tsohuwar al'adar hukumar birnin ta ƙirga motoci duk shekara a kan wasu tsayayyun layuka. Ɗaya ya kewaye tsakiyar gari, kusan daidai inda zoben haraji ya bi. Wani kuma ya bi ruwan da ya raba birnin kudu da arewa, inda 'yan gadoji kaɗan, irin su Västerbron da Centralbron da Essingeleden kansa, ke ɗauke da duk masu tsallakawa. Saboda an daɗe ana ƙirga a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya na shekara, akwai abin kwatantawa. Kafin gwajin an ƙara wuraren ƙidaya a kan hanyoyin shigowa daga nesa, da titunan cikin zoben, da hanyoyin kewaye da ake tsoron motoci za su kwarara kansu. Kayan aikin ba wasu na a zo a gani ba ne: tiyon roba da ake shimfiɗawa a kan kwalta, da wayar da ake binnewa a cikinta tana jin ƙarfen mota. An kwatanta bazarar 2006 da bazarar 2005, wata da wata, domin zirga-zirga a can tana hawa da sauka da yanayin shekara, kuma wanda ya kwatanta Janairu da Mayu zai ruɗi kansa.

Ƙirga motoci kaɗai ma bai isa ba. Titin da ya toshe ƙiƙam, motoci kaɗan ne ke wuce na'ura a cikin awa guda, haka ma titin da babu kowa a kansa. Lambar ɗaya ce, halin ya bambanta. Don haka aka auna lokacin tafiya: kyamara a farkon hanya, wata a ƙarshenta, a ga minti nawa mota ta ɗauka tsakaninsu. Aka kuma raba wa dubban mazauna yankin takardun da za su rubuta tafiye-tafiyensu, sau ɗaya a kakar 2004, sannan a sake a bazarar 2006.

Ko da haka wani abu ya dagula lissafi. A watan Oktoban 2004 aka buɗe Södra länken, sabuwar hanyar ƙarƙashin ƙasa a kudancin birnin, kuma sabon titi yakan ɗauki lokaci motoci na ƙaruwa a kansa kafin ya daidaita. Ƙaruwar da aka gani a kansa a 2006, raba ta tsakanin gudun haraji da sabuntar hanya ya yi wuya. Haka kuma an ƙara bas 197 da sababbin layukan bas 16 tun watan Agustan 2005, amma wannan ya zo da amfani: da yake bas ɗin sun riga harajin da wata huɗu, an samu damar ganin cewa su kaɗai ba su rage motoci a zoben da wani abin kirki ba. Sai da haraji ya shigo aka ga canji.

Abin da aka gani da abin da ya ɓuya

Burin da aka sa shi ne motoci masu tsallaka zoben su ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sun ragu da kimanin kashi 22 a sa'o'in haraji, wato kusan tsallakawa dubu 100 a rana. Lokacin da ake ɓatawa a layi kan hanyoyin shigowa ya ragu da kashi 30 zuwa 50. Essingeleden, wanda aka fi jin tsoronsa, ƙaruwa kaɗan ya samu, bai durƙushe ba. Wannan amsar ba daga tashoshin haraji ta fito ba, daga ma'aunan da aka dasa a titin da ba a karɓar kuɗi ta fito.

Lissafin kwamfuta da aka yi hasashe da shi kafin gwaji ya kusa dacewa wajen yawan motocin da za su ragu, amma ya raina yadda tafiya za ta yi sauri. Dalili shi ne irin wannan lissafi yana ɗaukar kowane titi shi kaɗai, ba ya ganin yadda layin da ya taru a bakin gada ke miƙewa baya ya toshe mahaɗa, mahaɗar ta toshe titin da ba ruwansa da gadar. Da aka sassauta bakin gadojin, sai unguwannin da ke wajen zoben ma suka sarara. Da ba a auna lokacin tafiya a can nesa ba, da wannan riba ta wuce ba a san da ita ba.

Akwai kuma abin da ba na'urar da ta iya gani. Motocin da suka ɓace, ina mutanensu suka tafi? Takardun tafiye-tafiye sun nuna masu zuwa aiki da suka ajiye mota galibinsu sun koma jirgin ƙasa da bas. Sauran kuwa, masu sayayya da ziyara da masu kai kaya, sun sauya wurin zuwa, ko sun haɗa tafiya biyu ta zama ɗaya, ko sun bar ta. Jonas Eliasson, masanin sufurin da ya jagoranci tantance gwajin, ya sha bayyana cewa direbobi da yawa ba su ma san sun sauya hali ba, domin ba mutanen jiya ne ke kan gada yau ba. Na'ura tana ƙirga tsallakawa, ba ta san mutum ba.

Da gwajin ya ƙare a ƙarshen Yuli, motoci suka dawo kusan yadda suke a da, kowa ya gani da idonsa. Kafin a fara, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke goyon baya. Ranar 17 ga Satumban 2006 kimanin kashi 53 na masu zaɓe a birnin suka amince, duk da cewa ƙananan hukumomin kewaye da suka yi tasu ƙuri'ar sun ƙi. Sabuwar gwamnatin Fredrik Reinfeldt ta maido da harajin dindindin daga 1 ga Agustan 2007, aka karkata kuɗin zuwa gina hanyoyi.

Inda ruwa bai taimaka ba

Gotenburg, birni na biyu a ƙasar, ya kwaikwayi tsarin a Janairun 2013, kuma a nan ne aka ga yawan aikin da tsibirai suka yi wa Sitokholm. Birnin ya fi ƙanƙanta, amma ya buƙaci tashoshi sama da 30. Wasu an dasa su ne a ƙananan titunan unguwa, ba don cunkoso ba, sai don kada masu gudun haraji su bar babban titi su cika lunguna. A unguwar Backa wannan ya sa mazauna biyan kuɗi a kan 'yar tafiyar cikin unguwarsu, ƙorafi ya yi yawa har aka yi musu sassauci daga baya. Motoci sun ragu da kimanin kashi 12, kuma a ƙuri'ar 2014 kusan kashi 57 suka ce ba sa so, ko da yake ba a soke harajin ba.

Biranenmu ma haka suka kasu. Kaduna da Yamai kogi ya raba kowannensu biyu, gadojinsu kuma ana iya ƙirga su da yatsu, don haka hukumar da ke da kuɗin na'urori kaɗan za ta iya sanin yawan masu tsallakawa tsakanin ɓangarorin biyu idan ta tsare gadojin duka kuma ta dage tana ƙirgawa shekara bayan shekara. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, tafiya tana iya bi ta ko'ina, layinta zai fi na Gotenburg wuyar rufewa. Sannan a Sitokholm babura ba sa biyan haraji kuma ba su da yawa, a wurinmu kuwa babur da a-daidaita-sahu su ne jigon zirga-zirga. Na'urar da aka tsara don motoci masu bin sahu ɗaya bayan ɗaya za ta tsallake da yawansu, sai an haɗa ta da mutane masu ƙirga da hannu a gefen titi.

A Sitokholm kuwa kafofin nan biyu ba su dawwama a buɗe ba. A ƙarshen 2014 aka buɗe Norra länken, hanyar ƙarƙashin ƙasa da ta ba mutanen Lidingö mafita ba tare da sun ratsa yankin haraji ba, sai aka soke ƙa'idar minti 30 a 2015. Daga 1 ga Janairun 2016 Essingeleden ma ya samu tasharsa, aka fara karɓar haraji a kansa, aka kuma ɗaga mafi tsadar kuɗin shiga gari zuwa kurona 35. Yanzu ana kan gina Förbifart Stockholm, hanyar kewaye mai tsawon kilomita 21, mafi yawanta a ƙarƙashin ƙasa, a yammacin birnin. Ranar da aka buɗe ta, layin ruwan da ya raba kudu da arewa zai samu sabuwar mashiga, kuma sai an shigar da ita cikin ƙidaya kafin alƙaluman gadojin su sake ba da cikakken lissafi.